Kayan ko-ta-kwana a nutso mai zurfi: wanne ke ceto, wanne ke zama kaya

A nutson shaƙatawa, idan iska ta yanke sai mutum ya taso sama. A irin nutson da muke yi, mita 50 ko 60 ƙarƙashin ruwa, ko cikin kogo da tarkacen jirgi, wannan ƙofar a rufe take. Ko dai dutse ne a kanka, ko kuma naitirojin da jiki ya tsotse ya wajabta maka zango-zango, wato tsayawa a zurfi daban-daban har ya fita daga jiki, kafin ka fito. Matsalar da ta same ka a ƙasa, a can za ka warware ta, shi ya sa muke riƙe kusan komai bibbiyu. Amma na gano cewa bibbiyu a ido daban, bibbiyu a aiki daban.

Ga yadda nake ɗaura kayana. Silinda biyu a baya, kowace lita 12, a cika su zuwa matsin bar 200, jimilla lita 4,800 ke nan. Bututu ya haɗa su, da bawul, wato makullin iska, a tsakiya, kuma kan kowace silinda na da nasa bawul. Kan dama yana ɗauke da ragileta, wato na'urar da ke rage matsin iska ta kai ta baki, wadda nake shaƙa, mai dogon tiyo na mita 2.1, da tiyon hura jakar iska ta baya. Kan hagu yana ɗauke da ragileta ta biyu da ke rataye a wuya da roba, da geji mai nuna saurar iska, da tiyon hura rigar da ba ta shan ruwa. Hikimar rabon ita ce, kowane kai na rufe, ina da abin shaƙa kuma ina da abin da zai ɗaga ni.

To, duk wannan bai da amfani idan hannu bai kai ga bawul ba. Ragileta in ta ɓalle tana zubar da iska, 'yan mintoci kaɗan take buƙata ta kwashe silinda biyun, tunda a haɗe suke. Dole ka miƙa hannu bayan kai, ka rufe kan da ya lalace, ka koma ɗaya ragiletar. In ba ka gane inda kumfar ke fita ba, ka rufe na tsakiya don ka tsira da rabi. Riga mai matse kafaɗa, ko silinda da aka ɗaure ƙasa da kima, ya isa ya hana ka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a mita 6 nake maimaita wannan atisaye, abokin nutso yana kallona, har sai na iya yi ba tare da na sauya zurfi ba.

Bawul ɗin tsakiya kansa tarko ne. Idan aka bar shi a rufe, kana shaƙa daga silindar dama, geji kuwa yana karanta ta hagu. Allurar ba za ta motsa ba, sai kawai ka ji iska ta ɗauke alhali geji na cewa a cike kake. Geji da bai sauka ba bayan minti 10 a zurfi ba albishir ba ne. A kogo mai gajeren rufi kuma, kan hagu na gogar dutse yana juyawa har ya rufe kansa, ba za ka sani ba sai lokacin da ka miƙa wa abokinka dogon tiyo ka koma ragiletar wuya. Duk lokacin da na taɓa rufi, sai na laluba bawuloli ukun.

Inda mutane suka fi yaudarar kansu shi ne yawan iska. Na ga masu rataya ƙaramar silinda ta lita 3 suna jin sun gama shiri. Lita 600 ce a cikinta. A mita 60 matsi ya ninka na sama sau 7, kuma wanda hankalinsa ya tashi yana iya jan lita 30 a minti ko fiye, wato lita 210 a wannan zurfin. Ba ta kai minti 3 ba. Tasowa daga mita 60 zuwa 21, inda ake sauyawa zuwa iskar da ake shaƙa a zango, a gudun mita 9 a minti, ta haura minti 4. Ni ina lissafa abin da zai ishi mutum biyu a firgice, da minti guda ko biyu na gyara a ƙasa, har zuwa wurin sauya iska. A kogo kuma dokar kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ajiya.

Akwai kayan da ƙarinsu ke haifar da sabon haɗari. Kowace silindar zango da ka rataya wata dama ce ta shaƙar iskar da ba ta dace da zurfin ba. Mai oksijin kashi 50 iyakarta mita 21, zallar oksijin kuwa mita 6, domin matsin oksijin kada ya wuce bar 1.6. Ka kuskura ka shaƙi ta kashi 50 a mita 60, ya kai 3.5, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama ka, bakin ragileta ya suɓuce. Don haka nake rubuta iyakar zurfi da manyan lambobi a jikin kowace silinda, in bi tiyo da hannu daga bawul zuwa baki, abokina ya tabbatar, kafin in sauya.

Jakar iska mai ciki biyu ma na daina amfani da ita muddin ina sanye da rigar da ba ta shan ruwa. Idan maɓallin hura na biyu ya fara yoyo a hankali, za ka ji kana tashi, ka yi ta zubar da iska daga cikin da ba shi ne ke kumbura ba. Wanda dole ya riƙe ta, ya bar tiyo na biyu a cire. Haka kwamfutar lissafin zango guda biyu masu saiti daban: ɗaya ta ce saura minti 12, ɗaya ta ce 20, taura biyu ba ta taunuwa. A saita su iri ɗaya, a kuma rubuta jadawalin zango a littafin roba.

Ƙananan kaya kam ba na jayayya a kansu. Gilashin fuska na biyu a aljihun dama, abin yanka biyu inda kowane hannu zai kai, kwarkwaron zare, balan-balan na alama. Tocila uku a kogo doka ce da ta samo asali daga binciken mace-macen kogo da mai nutson kogo Sheck Exley ya wallafa a 1979, kuma har yau ba ta tsufa ba. Sai dai tocilar da ake kunnawa da murɗa kai, matsin ruwa na iya kunna ta da kanta, ta cinye batir kana can ba ka lura ba. Ina sassauta kanta kaɗan, in gwada ta bayan na sauka.

Kowane tiyo da ka ƙara, zoben roba ka ƙara wanda zai iya tsagewa, kuma jan ruwa ya ƙaru. Wahalar iyo a zurfi na tara iskar kabon da jiki ke fitarwa da numfashi a jini, ita kuwa tana dagula tunani daidai lokacin da ake buƙatarsa. Tun a Fulorida masu bin tsarin mai nutson kogo William Hogarth Main suka dage kan rage duk abin da ba shi da aiki. Kafin in rataya sabon abu, ina tambaya: wace lalacewa yake rufewa, kuma ba abokina ke ɗauke da irinsa ba? Sannan kafin kowane nutso, in shaƙi ragiletar wuya numfashi biyar ina kallon geji, in allura ta faɗi ta dawo, bawul bai buɗe sosai ba, ba za a sauka ba sai an gyara.