Wili da birki na keken doguwar tahiya, abin da hanya ta koya min

Masu tambayata wane keke zan saya in riƙa zuwa Argungu ko Illela da shi, kullum amsata ɗaya ce, ku bar kallon fenti da yawan giya, ku duƙa ku duba wilin baya. Nan nauyi yake taruwa, kai kanka da jarkar ruwa da jaka da tabarma duk kan kariya, kuma da ka sauka daga kwalta ka hau gargada can wajen ƙauyukan Wurno to sifok, wato siraran ƙarafan nan da ke riƙe da wili, su ne ke fara magana.

Ni yanzu wili mai sifok 36 nake hawa, na alminiyam mai bango biyu, inci 26. Waɗanga kekunan Baljiyam masu sifok 32 ko ƙasa da haka suna da kyau a cikin gari amma da kaya ba su jimrewa. Sifok ɗin baya na gefen cen shi ke yawan tsinkewa, daidai lanƙwasar da ta shiga hob, wato cibiyar wili, ka ji ƙas, kafin ka ankara wili ya fara rawa yana gugar robar birki. Na ga yadda wani bakanike ya ɗaure min nawa a tsohuwar kasuwa, ya kifar da keken yana juya taya yana ɗan taɓa kowane sifok da sifana yana saurare, wanda ya yi sako-sako ƙararsa daban take, ya matse shi kaɗan kaɗan har wilin ya miƙe. Wallahi wannan aikin ya fi min sabon wili da ba a ɗaure da kyau ba. Ina ɗaure sifok na safaya jikin firam da salatif.

Dalilin inci 26 kuwa, tayarsa da tib ɗinsa kusan ko wace kasuwar ƙauye kana samu. A kula hwa, inci 28 na tsohon Raleigh da Phoenix ba ɗaya yake da 700c na kekunan zamani ba, na farko milimita 635 ne na biyu 622, taya ba ta shiga. Bawul ma ka nemi irin na mota, shi kowane mai faci ke iya ba iska. Taya mai faɗi mai kauri, saboda yashi da tsidau da ƙayar aduwa.

Birki nan ne samari ke ruɗuwa, kowa na son mai mai irin na mashin. Yana kamawa ƙwarai ban musa ba, amma in tiyo ya fashe ko iska ta shiga tsakanin Gwadabawa da Illela wa zai gyara maka? Kuma ba kowane mai ake zuba mai ba, na birkin kamfanin Shimano daban yake da man birkin mota, ka zuba wancan ya cinye robobin ciki. Ni mai waya nake so, ko na faifai ko V-brake mai kama wili, waya ta tsinke ka sa wata a gindin bishiya. V-brake ɗin matsalarsa ƙura, lokacin hunturu tsakuwa ƙanana na maƙalewa cikin roba tana cin wili, sai in ciro ta da tsinke in goge da tsumma duk inda na yada zango. Wilin ƙarfe mai sheƙi kuma in damina ta jiƙa shi birki sai dai ka ja ƙafa.

Roba biyu da waya ɗaya doguwa ta baya suna cikin jakata koyaushe, doguwar in ta gaba ce ta tsinke sai a yanke ta ta yi.