Maɓallan da suka cinye mini zango guda

Har yau idan na tuna daftarin farko na kundin digirina na biyu sai kunya ta rufe ni, domin a cikinsa na rubuta gaba gaɗi cewa 'yan mata ba su kai samari riƙe wuri a ƙwaƙwalwa ba. Gwajin da na ɗauka shi ne na tafkin Morris, wanda Richard Morris ya fito da shi a 1981 don ɓeraye, inda dabba ke iyo tana neman dandamalin da aka ɓoye a ƙarƙashin ruwa, tana dogaro da alamomin da ke bangon ɗaki. Na yi amfani da kwaikwayonsa na kwamfuta, inda mutum ke danna maɓallai yana neman dandamalin a kan allo, irin wanda Astur da abokan aikinsa suka gwada a kan ɗalibai a 1998 suka ga maza sun fi saurin gano wurin. Da wannan sakamako a raina na shiga aikin.

Daƙiƙoƙin da mutum ya ɗauka kafin ya isa dandamalin kaɗai na auna. Ban ba kowa zagayen sabawa da maɓallai ba, ban kuma tambayi kowa ko ya taɓa wasan bidiyo ba, alhali tambayar ba za ta cike layi ɗaya a takarda ba.

Wata ɗaliba ce ta farkar da ni, a makon ƙarshe. Ina tsaye a bayanta ina kallon yatsanta a kan maɓallin hagu, hoton yana ta juyawa da ita a wuri ɗaya, tana wuce inda take so tana dawowa. Da lokaci ya ƙare sai ta ɗora yatsa a kan allon ta ce, “Malam, ai ga shi can tsakanin tagar nan da hoton bishiya, tun zagaye na biyu na gane, maɓallan ne suka ƙi ni.” Kuma daidai wurin ta nuna. Ashe makonni na kwashe ina auna yadda hannu ya saba da kwamfuta, ina kiransa ƙarfin ƙwaƙwalwa.

Mai duba aikina bai yi faɗa ba, sai dai ya tura ni ga binciken Feng da abokan aikinsa na Jami'ar Toronto na 2007, inda awa 10 na wasan bidiyo suka rage tazarar maza da mata a gwajin juya siffofi a zuci. Da na karanta shi tun farko, da ban yi asarar zango guda ba.

Na sake aikin daga tushe. Kowa sai ya fara yin zagaye da dandamali a bayyane har hannunsa ya faɗa, sannan na koma auna tsawon hanyar da ya bi da kuma lokacin da ya yi a ɓangaren tafkin da dandamalin yake a da, bayan an cire shi. Tazarar ta ragu ƙwarai, amma gaskiya ba ta ɓace ba, musamman idan na kawar da hotunan bango, abin da ya yi daidai da rahoton Sandstrom na 1998 cewa mata sun fi jingina da alamomi, maza kuwa suna haɗawa da siffar ɗakin. Saboda haka duk mai shirin irin wannan aiki, ya zauna ya kalli hannun mahalarta tun ranar farko kafin ya amince da agogo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin 'yan matan rukunin farko sun kammala karatu kafin in gyara, ban kuma samu damar gaya musu cewa kuskuren nawa ne ba.