Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a kakar bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa da abokan arziki na Argungu da Birnin Kebbi da sauran wurare, Allah cikin ikonsa ya tashi kafaɗata. Na dawo gida, har na fara takawa zuwa masallacin unguwa da sanda. Da so samu ne, gida-gida zan bi ku da ƙafata, to ƙafar ba ta gama dawowa ba. Shi ya sa na ce ɗiyata ta riƙe waya, ina faɗa tana rubutawa.

Ga wanda bai ji ba, a ƙarshen damina ne, shinkafa ta fara nuna. Bayan sallar asuba na ɗauki kofin kunu, hannun hagu ya ƙi riƙewa. Na buɗe baki in kira uwargida, magana ta fito a harɗe. Ita ta fara lura bakina ya karkace. Maƙwabta suka taru, wani ya ce iska ce, wani ya ce a kawo turare. Ba na ganin laifin kowa, ƙauna ce ta sa. Amma ita ta ce, "Malam, asibiti za mu, addu'a kuma a biyo mu da ita." Hajiya, godiyata ta farko bayan ta Allah taki ce.

Sai maƙwabcina mai motar haya, wanda ya bar layinsa a tasha ya kai mu Birnin Kebbi, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Allah ya tsare maka hanya.

Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne silarta. Wanda ya duba ni ya zaunar da 'ya'yana ya yi musu bayani da Hausa: wani lokaci jijiyar jini ce ke toshewa a ƙwaƙwalwa, wani lokaci fashewa take yi, kuma maganin wannan ba shi ne na wancan ba, shi ya sa ake ɗaukar hoton kai. Ya ce sa'o'in farko su ne masu tsada, kuma awon da ya riƙa kai 140/90 ko ya wuce, hawan jini ne, ko da mutum ba ya jin ciwon kai ko jiri. Ina gode masa da ma'aikatan jinya, musamman masu aikin dare, da ke juya ni a gado ba tare da tsaki ba.

Akwai wani saurayi a sashen gashin ƙashi da ba zan manta ba. Yakan zuba ƙwayoyin wake a faranti, ya ce in riƙa tsinta da hagu ina sawa a kofi. Yatsu su kama, waken ya suɓuce, gumi ya keto mini. Sai ya ce, "Baba, a ƙara ɗaya." Na yi shekaru ina riƙe hannun yara a aji ina koya musu rubutu, ga shi sa'an ɗan autana ya riƙe nawa da irin wannan haƙuri. Ranar da na saka maɓallin rigata da kaina, idona ya kawo ruwa. Ɗana, Allah ya yi maka albarka.

Ina kwance, hankalina yana fadama. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, da ta cinye gonakin shinkafa a jihar nan, ya san shinkafa ba taka ba ce sai ta shiga buhu, ga kuma tsuntsaye jan-baki ba sa jiran mai gona ya warke. Ashe liman ya yi magana bayan sallar isha'i, matasan unguwa suka yi gayya. Suka shiga da lauje suka yanke, suka buga a kan ganga, suka shiƙe, mata suka aika musu tuwo da fura. Ƙanena ya fitar da zakka, ɗaya cikin goma tunda noman damina ne, sauran buhunan na tarar da su jere a zaure. Mu dattawa mun cika cewa gayya ta mutu, yaran yanzu sai waya da kabu-kabu. To, waɗannan yaran ne suka ajiye baburansu suka shiga taɓo saboda ni, kuma ina so duk gari ya sani.

Yanzu hunturu ya shigo, hazo ya rufe gulbi. Da ƙuruciya cikin irin wannan sanyi muke faɗawa gulbin Matan Fada da homa da gora, ba mu san wani abu wai ɗari ba. Bana tun magariba yake shiga gwiwa. Likita ya ce sanyi kan ɗaga jini, don haka ba fashin magani, wanka kuma da ruwan ɗumi. An rage gishiri da dunƙule a tukunyar gidan gaba ɗaya, jikoki ma sun saba. Noman rani kuwa na miƙa wa babban ɗana, da injin ban ruwa da komai. Sakin bai zo mini da sauƙi ba, amma na ga yadda ya yafa iri, hankalina ya kwanta. Sa'o'ina da muka tashi tare, don Allah ku je a auna ku, ko a asibitin sha-ka-tafi ne.

Waɗanda suka zo dubiya, da waɗanda suka turo gudummawa daga Sakkwato da Yawuri da Jega, da waɗanda suka yi addu'a ban sani ba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda ban ambata ba ya yafe mini. Mai son ganina, ina ƙofar gida bayan la'asar. Akwai kuma wani bawan Allah da gadonsa ke kusa da nawa, na baro shi magana ba ta dawo ba tukuna. Ku sa shi a addu'a.