Tsakanin hoto da wuƙar likita

Aikina a wani bincike da muke yi kan kansar fata shi ne ɗaukar hoto. Duk majinyacin da ya zo da tabon da likita bai yarda da shi ba, idan ya sa hannu a takardar amincewa, sai in duba wurin da damoskof, 'yar na'urar hannu mai fitila da ke ƙara girman abu ninki 10. Daga nan sai na'urar kwanfokal, wadda ke haska fata da leza ta nuno ƙwayoyin halitta ba tare da an taɓa mutum da wuƙa ba. Abin da muke son sani shi ne ko hoto zai rage yawan waɗanda ake yanka a banza, ba tare da melanoma, wato wata muguwar kansar fata, ta kuɓuce mana ba.

Kwanfokal na da burgewa, amma ganinta gajere ne. Zurfin da take kaiwa bai wuce kusan rubu'in milimita ba. A fuska tana aiki sosai. A tafin ƙafa kuwa, inda fata ke da kauri, ba ta da wani kataɓus, alhali a tafin ƙafa da na hannu da ƙarƙashin farce ne melanoma ta fi fitowa ga baƙar fata. Wadda ta kashe Bob Marley a 1981 ma daga yatsan ƙafa ta faro. A irin wannan wuri damoskof ce ke fitar da mu kunya: idan launin ya bi tudun zanen fata, akwai abin tsoro, idan ya kwanta a kwarin zanen, galibi tawadar Allah ce kawai.

Inda na fi shan wuya ba wajen na'ura ba ne. Alƙalin wannan aiki shi ne likitan da ke duba tsokar da aka yanko, kuma masu karanta hotuna ba a bari su ga sakamakonsa kafin su faɗi nasu. To amma tabon da muka ce lafiyarsa ƙalau fa? Ba a yanka shi, don babu kwamitin ɗa'a da zai yarda a yi ta yankar mutane saboda alƙaluma su cika. Sai dai a ce mutum ya dawo bayan wata 3 a sake ɗauka a kwatanta. Wanda aka ce masa ba komai kuwa, me zai dawo da shi? Rabin lokacina a kiran waya ya ƙare. Shi ya sa idan na ga rahoton da ke yabon wata na'ura, nakan fara neman yadda aka bi sawun waɗanda ba a yanka ba.

An yi mana maganar ƙirƙirarriyar basira, musamman bayan aikin masanan Jami'ar Stanford na 2017 da suka horar da kwamfuta da hotuna kusan 130,000 don ta gane kansar fata. Ban raina ta ba. Sai dai manyan rumbunan hotuna irin su HAM10000, da aka tattaro daga Ostiriya da Ostireliya, yawancinsu na farar fata ne. Ga kuma wayon kwamfuta: likitoci sun saba ajiye rula kusa da tabon da suke zargi, sai ta koyi ɗaukar rular a matsayin alamar kansa. Saboda haka kowane tabo sau biyu nake ɗaukarsa, ɗaya da rula don fayil ɗin majinyaci, ɗaya babu rula babu zanen alƙalami don rumbun bincike.