Accra: abin da ya kamata a fara saya wa bindigar gasa

Daga Legas zuwa Accra ta mota babu abin ba da labari sai iyakoki uku, Seme da Hillacondji da Aflao, da zaman jiran a buga fasfo. Bindiga ban ɗauko ba, don ƙetare ƙasashe da ita sai da takardar kowace ƙasa, ko da ta iska ce. A Najeriya ma dokar makamai ta sa bindigar iska cikin waɗanda ake nema wa lasisin 'yan sanda. Abin da ke jakata mariƙin katako ne na ƙaramar bindigar gasa, da ƙarfen awon kunama mai giram 500, da saitin alanki. A wani shinge na kan hanya wani jami'i ya zaro mariƙin ya ɗaga sama yana tambayar inda na ɓoye sauran. Na ce katako ne. Ya ce shi ma ya san katako. Ya shanya mu a rana har fasinjoji suka fara tsaki, sai da babbansu ya zo ya jujjuya abin ya ce a bar mutum ya tafi da icensa. Mai niyyar wannan tafiya ya sa katin ƙungiyarsa ta wasa a aljihun gaba.

Mai masaukina a unguwar Nima ta Accra, Alhaji, dattijo ne da ke koyar da matasa harbin bara na mita 10. Ko jaka ban ajiye ba Hajiyarsa ta aiko da waakye, shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har ta yi ja, da taliya da gari da ƙwai da yajin shito a gefe. Da safe koko da ƙosai, kokon nan da citta da kanumfari har sai ka yi gumi. Na yi ƙoƙarin biyan kuɗin tasi, Alhaji ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, a Zango baƙo ba ya ciro sidi." Da na shiga gari ni kaɗai na gane alherin da ya yi mini: in ka mayar da kuɗin abinci da na mota zuwa naira, Accra ta fi Kano tsada nesa ba kusa ba. Amma a bakin titi mutane na bin layin shiga tirotiro, ƙananan bas ɗinsu na haya, ba turereniya, abin da zan so in gani a Kofar Wambai. Juma'a mun yi ta a babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021.

Matasan sun yi karo-karo sun tara kuɗi, suna da bindigogin iska biyu na hannu, kuma sun rubuto jerin abin da za su yi oda daga Turai: na'urar saiti mai jan ɗigo, ƙarafan ƙara nauyi, da kunamar lantarki irin ta kamfanin Morini. Na farko a jerin ya faɗi nan take. Dokar ISSF, hukumar wasan harbi ta duniya, ba ta yarda da gilashi ko madubi ko jan ɗigo a kan bindigar mita 10 ba, sai buɗaɗɗen saiti. Jan ɗigo na masu IPSC ne, wani wasan harbin daban, su ma a wasu rukunai. Kafin a kashe ko kwabo sai a san iyakar da doka ta shata: harsashi milimita 4.5, nauyin bindiga kada ya wuce giram 1,500, ƙarfin jan kunama kada ya gaza giram 500, kuma bindigar duka ta shige akwatin awo mai milimita 420 da 200 da 50. Harbi 60 ake yi, cikin minti 75 in allon lantarki ne. Zoben maki 10 faɗinsa milimita 11.5 ne kacal. Sabuwar bindigar kamfanin Steyr ko Walther ko Pardini ko Feinwerkbau tana kaiwa wajen Yuro 2,000, kuma kowaccensu in an ɗaure ta a maƙama za ta zuba harsashi cikin zoben nan ba kuskure. Saboda haka duk abin da za a ƙara mata, don hannu da idon mai harbi ne.

Mariƙi ne farko. Gwajinsa ba ya cin kuɗi: ka tsaya yadda kake tsayawa, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar da ba komai a cikinta, ka buɗe ido. In ɗan saitin gaba ya zauna tsakiyar tsagar saitin baya, mariƙin naka ne. In ya karkata hagu ko dama, ko ya nutse, to wuyan hannunka ne zai riƙa gyara shi a kowane harbi, kuma wajen harbi na 40 zai gaji ya daina. Yaro na farko da ya gwada, saitinsa ya gudu hagu har ya ɓace, ga rata tsakanin tafinsa da katako da za ka zura biro. Bindigogin zamani suna da sukurori a ƙarƙashin mariƙi da ke juya shi kaɗan ta kowane ɓangare, da su ake farawa. Sai ɗan katakon da ake kira matashi, wanda ke tare gefen tafi daga ƙasa: a ɗaga shi har ya riƙe hannu ba tare da ya matse ba. A nan Accra ta koya mini abu, don hannu yana kumbura a zafi da laima, matashin da ka ɗaure a hunturun Kano zai cije ka a bakin teku. A bar sukuronsa inda alanki zai kai gare shi ranar gasa.

In juyawa ba ta isa ba sai ciko da kankara. Ana kwaɓa gam mai haɗi biyu da garin katako, a shafa siriri inda ratar take, a sa safar leda, a riƙe mariƙin kamar za a harba, a cire hannu kafin ya daskare. Wuri ɗaya a rana ɗaya, sannan a yi harbi da shi kafin a taɓa wani wurin. Yatsu uku na ƙasa su danna kai tsaye zuwa baya, manuniya kuwa kada ta taɓa katako ko kaɗan, don in ta taɓa, jan kunama zai tura bakin bindiga gefe. Kurakuran da ke sa alƙali ya mayar da kai su ne ciko ya yi kauri har ya haura milimita 50, ko mariƙin ya zagaye hannu, ko ya taɓa wuyan hannu, ko matashin ƙasa ya lanƙwaso sama.

Mariƙin oda irin na kamfanin Rink daga Jamus ya haura Yuro 200 kafin kuɗin aikowa da na kwastan. Alhaji ya ce mu je kasuwar katako tukuna. Can muka sami wani kafinta mai sassaƙa, ya karɓi mariƙin da na zo da shi ya shafa shi da babban yatsa ciki da waje, ya tambayi abu ɗaya: ramin da ƙarfe ke zama, daidai yake so ko da ɗan sarari? Tambayar gwani ke nan, don in ramin ya yi sako-sako bindiga za ta riƙa motsi a cikin mariƙi, in ya matse kuma katako ya tsage sa'ad da aka ɗaure sukuru. Ya kawo busasshen maɗaci, ya ƙi ɗanye da kansa. Ya yanka kuɗi, Alhaji ya yi dariya ya miƙe tsaye, aka dawo da shi, aka tsaya a rabi, da sharaɗin kowane yaro zai zo a auna hannunsa. Maimakon fenti mai sheƙi ya bubbuga jikin da bakin ƙusa ya yi masa ƙurji-ƙurji, saboda gumi. Kafintocinmu na gida za su iya, sai dai samun wanda zai yi haƙurin kankare rabin milimita ya tsaya shi ne aiki.

Na biyu ido. Mai harbin bindigar hannu saitin gaba yake kallo, baƙin bara mai faɗin milimita 59.5 ya bar shi dishi-dishi. Wanda ya haura shekara 40 idonsa ba ya son tsayawa a wannan nisan, maganinsa gilashi mai ƙarin +0.50 zuwa +0.75 a kan lambar tabaransa na nesa. Ba sai an sayi firam ɗin gilashin harbi na kamfanin Knobloch ko Champion ba tun farko. Mai gwada ido na unguwa zai yi, in ka je masa da awon nisan idonka zuwa saitin gaba. Ɗaya idon ba a runtse shi, ana rufe shi da farar roba mai shigar da haske, faɗinta kada ya wuce milimita 30. Shi kansa saitin gaba ana sayar da shi faɗi-faɗi, milimita 4.0 da 4.5 da 5.0, kuma yana cikin mafi arha a kayan. A zaɓi wanda in an miƙa hannu yake kusan faɗin baƙin bara, a buɗe tsagar baya har haske ya fito sosai a gefe biyu. Masu matse tsaga suna ganin sun fi daidaito, alhali ido ne ke gajiya. Zauren da suke atisaye rufin kwano ne, hasken rana na shigowa ta gefe yana ƙyalli a kan saiti, harbi na karkata gefe. Hayaƙin leta da aka turara wa saitin ya kashe ƙyallin. Wani abin lura: a yawancin bindigogin Jamus da Ostiriya haruffan da ke kan sukurun saiti suna nufin inda harsashi ya faɗa ne, ka juya zuwa can, ba inda kake so ya koma ba.

Kunama kuwa na roƙe su su bar ta. Ta lantarki tana da daɗi, amma giram 500 ɗin nan bai ragu ba. Kunamar jan mataki biyu ce, abin yi shi ne raba nauyin: wajen giram 380 a jan farko, sauran a na biyu, jimilla 520 zuwa 530, don a bar rara. Mun rataya ƙarfen awo a bindiga ta biyu, baki sama, tana ɗagawa ta tashi. Wani ya sassauta ta a ɓoye. A gasa sau uku ake ba ka ka ɗaga ƙarfen, in aka zaɓe ka binciken bayan harbi ka faɗi, makinka duka ya tafi. Harshen kunama ana matsar da shi gaba ko baya har tsokar gaɓar farko ta manuniya ta zauna a kansa a miƙe. Sukurun da ke riƙe haƙorin kunama, wanda kamfani kan ɗiga wa fenti, ba na mai koyo ba ne: in ya yi ƙasa bindiga na iya tashi da rufe ta kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki harsashinsu. Alhaji ya buɗe gwangwani, rabinsa ya yi fari fat, dalmar ta ci iskar gishiri. A Kano gwangwani zai shekara a buɗe bai yi haka ba. Harsashin gasa mai shafaffen kai ne, don ya huda takarda da'ira tsaf. Samfurin R10 na kamfanin RWS na bindigar hannu giram 0.45 ne, na doguwa 0.53, ga H&N da JSB, su ma kamfanonin harsashi, kuma faɗin kan yana zuwa milimita 4.49 ko 4.50 ko 4.51. Babu wanda ya fi wani a takarda, bututu ne ke zaɓa. A cire mariƙi, a ɗaure jikin bindigar a maƙama, ba tukunyar iska ba, a yi harbi goma-goma da kowane iri, wanda ya fi tara rami wuri ɗaya a duba lambar zubinsa a ƙasan gwangwani a sayi ƙunshi guda, gwangwani 10, ƙwaya 5,000. Kada a ɓare tef sai za a yi amfani, wanda aka ɓare a sa shi cikin roba mai murfi da ɗan ƙullin maganin laima.

Iska ita ce inda kuɗinsu ya kamata ya tafi. Tukunyar iskar bindiga tana ɗaukar matsin iska mai awon bar 200, kuma akwai kwanan wata a jikinta. In ta cika shekara 10 alƙalai ba sa karɓa. Ɗaya daga nasu ta wuce. Famfon hannu suke bugawa ba matatar laima, a garin da riga ba ta bushewa a igiya, wato ruwa suke ɗurawa cikin bawul. Gyaran shi ne matata mai ƙwayoyin shan laima, ko babbar tukunyar masu nutso da ake cikawa da busasshiyar iska. Wani yaro ya ce, "Baba, mai walda na unguwarmu yana da tukunya." Alhaji ya daka masa tsawa kafin in buɗe baki. Iskar oksijin ta walda in ta haɗu da maiko a wannan matsi wuta take kamawa, tukunya ta fashe a hannu. Haka man inji, ba ya kusantar bawul. Zoben roba man silikon kaɗai ake shafa masa, ɗan kaɗan. Su sayi zobban roba na ajiya, don wanda ke gindin bututu, inda ake sa harsashi, in ya tsufa iska na zurarewa, harbi ya riƙa sauka ƙasa, mai harbi ya yi ta murɗa saiti a banza. Mai hawa jirgi kuma ya juye tukunyar tas.

Ƙarafan nauyi na bar su ƙarshen jeri. Yawancin bindigogin nan wajen kilo ɗaya suke, kuma nauyi a baki yana rage saurin rawar saiti amma yana cin wuyan hannu. Giram 10 ko 20 ya isa gwaji, ana iya naɗa 'yar dalma da tef a ga yadda za ta yi kafin a yi oda. Da aka sake lissafi, kuɗin ya ɗauki sabuwar tukunya, matata, zobba, saitin gaba biyu, harsashi da aikin kafinta, har da ragowar da suka ce za su tara don na'urar SCATT mai nuna rawar hannu a kwamfuta.

Kumasi na bi a dawowa, tafiyar kusan kilomita 250 da cunkoso ya mayar ta yini. Na kwana a Aboabo, na leƙa Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, inda wani mai injin yankan ƙarfe ya yanka mana ƙarfen awon kunama na biyu. Da aka ɗora shi a sikelin mai sayar da zinari ya haura da giram 4, ya mayar da shi kan injin ya rage. Kasuwar Kejetia na ratsa ta ne kawai, ruwa na zuba, na sayi man kaɗe da yajin shito kwalba biyu na nufi tasha.