Turbar Ƙafa da Keke da Muka Fitar Tsakanin Ƙauyuka Uku

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a sassa da dama na Jigawa, turbar da ke haɗa ƙauyenmu da maƙwabtanmu biyu a ƙasar Taura ta koma kwari da taɓo. Ƙaramar sakandare da ɗakin shan magani duk suna ƙauye na uku, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a ƙafa, amma da damina yaranmu kan yi mako ba su leƙa aji ba, mai keke kuwa sai ya saɓa kekensa a kafaɗa. Ni ke riƙe da littafin ƙungiyar matasan garinmu a lokacin, shi ya sa aikin ya faɗo a wuyana.

Titin mota ya fi ƙarfin aljihunmu, saboda haka muka tsaya a kan turba mai faɗin taku uku, wadda keke biyu za su wuce juna ba sai ɗaya ya sauka ba. Dagaci ya tara masu gonakin da za a ratsa, kowa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yarda." Kwana uku da kafa turakun awo, sai muka tarar an tumɓuke na wata gona cikin dare. Mai gonar kunyar dagaci ya ji a bainar jama'a, alhali zuciyarsa ba ta amince ba, kuma yana da gaskiya, domin layinmu ya raba masa gona biyu. Sai da na bi shi zaurensa tare da yayansa, muka mayar da turbar kan iyaka, inda gamba take. Tun daga ranar kowane mai gona shi kaɗai nake samu, kafin a kai magana gaban jama'a.

Babban kuskurenmu shi ne son gajeriyar hanya. Mun miƙe igiya ta tsakiyar fadama, muka yi aikin gayya da diga da shebur da baro, muka zuba marmara. Wani dattijo da ya shekara da shekaru yana kai kaya kasuwar Gujungu ran Lahadi ya tsaya a kanmu ya ce mini, "Ɗana, nan gidan ruwa ne, ku bi ta tudu." Na ce, "To, Baba," amma ban sauya komai ba, domin ina ganin zagayen ya yi yawa. Da malka ta sauka a watan Agusta, ruwa ya yanke turbar a wuri biyu, ya kwashe marmarar da muka saya da karo-karon mutane. Har yau ina jin nauyin kuɗin nan.

Rani na biyu muka bi sawun jakin dattijon nan ta tudu. Tudu kuma da tasa matsalar, domin jigawa ce, tayar keke nutsewa take yi a rairayi. A nan matan ƙauyukan suka fi mu sani. Su suka ce a yi wa turbar irin aikin daɓen ɗaki: a shimfiɗa marmara kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a buga da madaɓi har ta kama, sannan a ƙara wata. Mun ɗaga tsakiyar ta yi doro don ruwan sama ya zurare gefe, muka haƙa magudana hagu da dama, muka dasa jema a bakinsu saboda saiwarta tana riƙe ƙasa. Inda ruwa ke tsallakawa ba mu tare shi ba, zoben siminti irin na rijiya muka kwantar, muka rufe da ƙasa ya bi ta ƙarƙashi.

Amalanke ce ba mu yi lissafi da ita ba. Idan ta bi jiƙaƙƙiyar turba ɗauke da taki, takan bar ramuka biyu da ruwa ke kwanciya a ciki. Hana ta ba adalci ba ne, tunda masu shanun da su aka yi gayyar, sai aka yi yarjejeniya cewa ba za ta hau ba sai ƙasa ta tsane bayan ruwa. A mahaɗarmu da burtali kuma mun zauna da arɗo, muka bar wurin a buɗe, ba shinge ba shuka.

Yanzu kowane ƙauye yana da yankin da yake kula da shi, ana cike ramuka kafin ruwan farko, yara kuma suna share tsidau da ke huda taya. Saura mashigi guda kusa da makarantar, wanda zobe ɗaya ya yi masa kaɗan. Mun tara kuɗin biyu, muna jiran a gama girbi mu haƙa.