Abin da Karatun Tauhidi Ya Koya Mini Game da Alherin Allah

A cikin darussan da muka ɗauka a makarantar tauhidi a Jos, babu wanda ya sauya mini yadda nake wa'azi kamar darasin alheri. Yawancinmu mun taso a ikilisiya da tunanin cewa alherin Allah yana shafe zunuban baya ne kawai, daga nan sai mutum ya cancanci shiga sama da azumi da zakka da zuwa sujada ba fashi. Manzo Bulus bai koyar da haka ba. A Afisawa 2:8-9 ya ce ceto baiwa ce ta Allah, ba ta ayyuka ba, domin kada kowa ya yi fariya, a Kolosiyawa 1:12 kuwa ya nuna cewa Uba ne da kansa yake sa masu bi su isa samun rabo a gādon tsarkaka.

Muhawarar tsohuwa ce, kuma a nahiyarmu aka yi ta da zafi. Wani malamin Kirista mai suna Pelagiyas ya koyar cewa mutum yana da ikon kiyaye umarnin Allah da ƙoƙarinsa, Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya tsaya a kan cewa ko niyyar aikata nagarta daga Allah take fitowa, majalisar shugabannin ikilisiya da ta zauna a birnin Kartej, a Tunisiya ta yau, kuma ta ƙi koyarwar Pelagiyas a shekarar 418. Martin Luta ya sake tayar da zancen a Jamus daga 1517, har yau kuwa Katolika da Furotesta ba su daidaita ba a kan matsayin ayyuka, ko da yake dukansu sun yarda cewa daga alheri ceto yake farawa.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce ko wannan koyarwa ba za ta sa mutane sakaci ba. A ganina Filibiyawa 2:13 ta amsa, domin Allah ne yake aiki a cikin mai bi har ya yi nufi ya kuma aikata, saboda haka tsarkakewa ma aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai sami zarafin yin baftisma ko ba da baiko ba, duk da haka aka yi masa alkawarin Firdausi.

A wajen jana'iza ne darasin ya fi yi mini aiki. Dangi sukan so a lissafa gudummawar marigayi wajen ginin majami'a da hidimarsa a ƙungiyar mawaƙa, nakan kuma ambace su da godiya, amma idan na zo kan begen tashin matattu, mutuwar Almasihu da tashinsa kaɗai nake kafa hujja da su.